Maganin Motar Surukina

Na fara tuƙi tun Turawa na nan, lokacin da direbobin garin Haɗeja ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Asalina ɗan masunta ne daga wani ƙauye a bakin kogi, amma ni da ruwa jininmu bai haɗu ba, sai na gudu Kano na faɗa hannun wani bakanike a Fagge, tsohon soja mai saurin hannu. Koyarwarsa ɗaya ce. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna mini ƙotar a kunne, ya ce in faɗi abin da ke ciwo a ciki. In na faɗi daidai ya yi shiru, in na kuskure in sha ranƙwashi. Na bar wurinsa da lasin a aljihu, da kunnen da ke jin ƙarfe yana cin ɗan'uwansa tun kafin kowa ya ji. Da wannan kunnen nake taƙama, kuma shi ne ya sa ba ni da wani uzuri a abin da zan faɗa.

Da na dawo gida wani dattijo a cikin gari ya ba ni 'yarsa ta fari. Bafatake ne, ya tsufa yana kora jakuna da bandar kifi zuwa kasuwannin yamma. Danginsa suka yi ta gunaguni, wai 'yar gidan mutunci za a kai wa mai ƙarnin tarwaɗa. Ya ce shi hankalina ya gani, wanda bai gamsu ba ya haifi tasa ya bayar inda yake so. Bai tsaya nan ba. Shekara na zagayowa ya sayar da shanunsa kakaf, ya haɗa da gonar fadamar da ya gada, ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ya sayo babbar mota mai bodin katako daga hannun wani Balarabe, irin Larabawan da muke kira Kwara. Ni na tuƙo ta zuwa gida. Ba sabuwa ba ce, ta sha wuya a hannun masu ita na farko, amma da sauran ranta. Duk abin da mutumin nan ya tara, da wanda iyayensa suka bar masa, ga shi nan tsaye a kan taya shida a ƙofar gidansa. In ta rayu gidan ya ci abinci, in ta mutu ko akuya ba shi da ita.

Yaran yanzu da ke zama kan kujera ɗaya da surukansu, har su miƙa musu hannu, ba za su gane yadda muke ba. In na hango shi tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in tsuguna daga gefe, idona a ƙasa. Ko goro ban taɓa ci ba yana kallo. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini malam direba, kuma kalmar a'a ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. In akwai magana mai nauyi sai in gaya wa matata. Ita kuma da yake 'yar fari ce ba ta iya tsayawa gabansa, sai ta kai wa Gwaggo, ƙanwarsa da ta riƙe ta tun yaye. Gwaggo ce kaɗai ke shiga turakarsa ta faɗi abin da ke bakinta. Mutane na yabona a kan wannan kunyar, ni ma ina jin daɗin yabon.

Aikinmu jigilar gyaɗa ne da kaka, daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi ta Malam Madori, sauran shekara kuma banda da tabarmi da fasinja a saman kaya. Hanyar ƙasarmu ba ta tausayin inji. Da rani yashi ne mai laushi da ke shiga duk inda iska ke shiga, da damina taɓo ne da ruwa. Shi ya sa ba na wasa da juye. Lokaci-lokaci nakan shiga ƙarƙashin motar a bayan tasha, in kwance ƙusar gindin inji, tsohon baƙin mai ya tsiyaye, in murza shi tsakanin yatsu in ji yashin da ya kwaso, sannan in zuba sabo. Maigidana na Fagge yakan ce mai ba santsi kaɗai yake yi wa inji ba, har da wanki, don haka in ya yi datti zubar da shi ake yi.

Tun ranar da na tuƙo ta na ji tana da ciwo. Wata 'yar ƙara ce can ƙasa, ƙwas-ƙwas, da safe kafin ta ɗumama da kuma in ta ɗauki kaya. Ƙarfen da sandunan inji ke juyawa a kansa ne ya cinye, ya bar rata. Ba ciwon mutuwa ba ne in an kama shi da wuri. Na aika ta bakin Gwaggo cewa in an gama gyaɗa a bar ni in kai ta Kano, a buɗe ta a sauya abin da ya cinye, aikin mako biyu ko uku. Amsa ta dawo cewa ya amince.

Sai ya je Kano ta'aziyya, ya dawo da kwali a kan ɗan dako. Da safe ya sa aka kira ni. Na tarar da shi tsaye gaban motar, riƙe da ƙaramin gwangwani mai hoton doki a jiki.

"Malam direba, Allah ya hutar da mu zuwa Kano," in ji shi. "Wannan maganin inji ne, daga ƙasar Turawa. A gabana mai kantin ya zuba wa wani inji mai ƙara kamar ana sussuka, kafin in gama tauna goro ya yi tsit. Ya ce yana ƙara ƙarfi, yana hana ƙarfe cinyewa. Buɗe mini."

Na buɗe. Ya yi bisimilla ya tuntsura gwangwanin. Abin ya riƙa saukowa a hankali, jaja-jaja, mai kauri kamar zuma da sanyin safiya. Na tayar da ita. Ba a jima ba ƙarar ta fara ja da baya, ta ja, ta ja, har ta ɓace. Maƙwabtan da suka taru suka ɗauki salati. Wani mahauci ya ce don Allah a sam masa cokali ɗaya ya shafa wa gwiwarsa. Aka yi dariya, tsohon ma ya yi, ban taɓa jin dariyarsa ba sai ran nan.

Na bari sai da suka watse, na ɗauko sukundireba na sa a kunne. Ƙarar tana nan. Ba ta je ko'ina ba, ta dai koma kamar mai tari a cikin bargo.

Ba zan yi wa gwangwanin nan sharri ba, ko da yake na tsane shi har gobe. Hayaƙi ya ragu, shan mai ya ragu, ƙara ta kwanta. Abin da ya yi shi ne ya kaurara man, man ya cika ratar da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, suka daina bugun juna da ƙarfi. Amma ƙarfen da ya cinye ya riga ya cinye, babu ruwan gwangwanin da zai mayar da shi. A tasha direbobi sun rabu biyu a kansa. Wani ya rantse tun da ya fara zubawa motarsa take hawa tudu ba ta neman giya, wani ya ce shi bai ga komai ba sai kaurin mai. Na lura duk masu yabonsa tsofaffin motoci gare su, kuma abin da suke yabo shirun ne. Da a ce mun zuba shi ne don ya lallaɓa mu zuwa Kano, da ni ma na sa masa albarka. Abin da ya jawo mana daban ne.

Maganar zuwa Kano ta mutu, don a ganin tsohon motar ta warke. Abin da ya biyo baya ya fi muni. Da lokacin juye ya yi na aika a ba ni sabon mai daga garwar da ke ajiye a zaurensa, sai ya fito da kansa.

"Juye kuma? Ka kwance ƙusa maganin ya bi ƙasa?" A hankali yake maganar, babu faɗa. "In ka ba mutum magani ya sha, sai ka sa masa yatsa a maƙogwaro ya amayar? In man ya ragu a ƙara a kai. Amma na ciki ya zauna, aiki yake yi."

Ina tsugune. Amsar tana bakina a shirye, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na dubi ƙasa na ce to.

Da na koma gida na zazzage wa matata duk abin da na kasa faɗa masa, har da ɗaga murya, don a kanta ina da baki. Ta bari na gama, ta ce, "To ni me zan yi? Ni da ko sunana ba ya kamawa?" Ta kirawo Gwaggo. Na zaunar da Gwaggo na yi mata bayani dalla-dalla, har na ɗebo yashi na zuba a man gyaɗa na sa ta murza. Na ce ta gaya masa maganin nan rufe ciwo yake yi, ba ya warkarwa, kuma in ba a juye man an kai ta Kano ba, motar za ta mutu.

"Kai ɗan nan," in ji ta, tana goge yatsunta a gefen zane, "so kake in je in ce wa Yaya an cuce shi a Kano, bai san abin da ya sayo ba, kuma surukinsa ne ya faɗa? Mutumin da ya toshe bakin dangi saboda kai?"

"Gwaggo, ki faɗa yadda za ki iya, amma dai ki faɗa."

Ta faɗa yadda za ta iya. Washegari ta dawo da goro da sabuwar hula. Ta ce ta gaya masa na gode, na ga aikin magani, sai dai ina ganin a riƙa lura da motar. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ai ya san yana da mai lura. Haushi ya kama ni kamar in yi kuka, amma na karɓi hular. Na sa ta ma ranar Juma'a, don ya gani.

Wata uku man nan yana ciki. Daga nan na kasa haƙuri, na yi abin da matsoraci ke yi, na bi ta bayan fage. Wani direban kamfanin gyaɗa a Malam Madori ya sam mini mai, na kai motar bayan dalar gyaɗa na kwance ƙusar. Da farko ba abin da ya fito. Sai da na zura kara, sannan ya fara faɗowa guda-guda, baƙi ƙirin, kamar kunun da ya kwana, da ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe a ciki. Na zuba sabo na tayar. Ƙarar ta dawo, kuma ba 'yar ƙwas-ƙwas ɗin da na sani ba ce, ta girma.

Da na nufo gida, tun daga kan kwana tsohon ya jiyo ta. Kafin in tsaya ya miƙe daga kan buzunsa, carbi na lilo a hannu.

"Subhanallahi. Me ya same ta, malam direba?"

Ga tambaya ya yi mini da bakinsa, babu Gwaggo a tsakani, kuma ko kunya ba ta hana amsa tambaya. Amma akwai mutum huɗu ko biyar zaune a dakalin, cikinsu har da ƙanensa da ya fi kowa ƙin aurena, kuma in zan faɗi gaskiya sai na fara da cewa na saɓa umarninsa a ɓoye. Na ce, "Wataƙila ƙarfin maganin ne ya ƙare, Baba."

Wannan ƙaryar tawa ita ta kashe motar, laifinta ya fi na gwangwanin. Ya shiga ya fito da gwangwani biyu ya zuba. Ƙarar ta sake kwanciya, imaninsa ya ƙaru. Ƙanen nasa ya ce shi dai yana tsoron hannun mahassada a tasha, kada wani ya riƙa buɗewa yana zuƙe maganin. Kafin mako ya fita maƙeri ya sa wa murfin injin kwaɗo, makullin yana aljihun tsohon. Kullum da safe shi ke buɗewa, in gwada mai yana tsaye, ya mayar ya rufe.

Haka muka ci rani muka shiga damina. Na riƙa lallaɓa ta da dabaru irin na marar gaskiya. In rage kaya in ce taya ce ba ta da kyau, in tsaya a hanya in ce zan kama ruwa, alhali so nake ta huce. Sau da yawa nakan fito daga gida da niyyar yau zan faɗa masa, in tsara maganar a hanya tun daga sallama har ƙarshe. Ina hango rawaninsa sai ƙafata ta tuɓe takalmi da kanta, in gaishe shi, in gwada mai. Matata ta ce na rame. Na ce zazzaɓin damina ne.

Ƙarshen damina saƙo ya zo daga wani ƙauye a cikin fadama, gaba da Kirikasamma, daga dangin mahaifiyar tsohon. Sun yanke gero sun ɗaure, yana jibge a gona, ga labari ya iso daga yamma cewa kogi ya ciko da wuri. Mu nan ruwan da ke cin mu ba a kanmu yake sauka ba. Can nesa yake sauka, ya biyo kogi, ya iso mana rana tsaka sama tana fes. Suna roƙo a kwashe musu geron zuwa tudu kafin hanya ta rufe. Ya riga ya ce musu to kafin in ji. Kuma ya ce da shi za a je, ya daɗe bai ga 'ya'yan kawunnansa ba.

Ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Gaban motar ƙunci gare shi, duk giyar da zan sa sai hannuna ya kusa taɓa gwiwarsa. Muka tashi da hantsi. Zuwa ba laifi, don ba kaya. Amma na ga alamun da na sani tun ina ƙauyenmu. Ruwa ya fara kwanciya a kwaruruka ba tare da an yi na sama ba, masunta sun jawo jiragensu har gindin gonaki. Mutanen ƙauyen suka yi masa lale, suka hau lodi, dami kan dami, har ya wuce bodin, suka ɗaure da igiya. Na ja babbansu gefe na ce a raba shi sahu biyu. Shi kuwa sai ya juya ya tambayi tsohon. Tsohon ya ce ruwa ba zai jira sahu biyu ba, kuma motar ai ta sha magani.

A dawowa giya ɗaya na riƙa ja, taɓo yana riƙe tayoyinta, inji yana kuka. Zafi ya cika gaban motar. Allurar da ke nuna ƙarfin mai ta fara sunkuyawa. Sai na ji bugun, ba da kunne ba ma, a tafin ƙafata da ke kan totur, mai nauyi kamar ana daka a gidan maƙwabta. Shi bai ji ba. Yana kallon fadama ta taga, yana nuna mini wajen da gonarsa ta da take.

"Ka ji ta kuwa?" in ji shi. "Da kayan nan duka, ko tari ba ta yi."

A gabanmu akwai wani ɗan tudu mai goruba, bayansa kuma kwari mai faɗi, shi ne na ƙarshe kafin busasshiyar hanya. Na san abin da ya kamata. In tsaya a tudun, in kashe ta, a sauke geron a nan tunda ruwa ba ya kaiwa wurin, in ce masa daga nan ba za ta motsa ba sai an jawo ta. Ko mutuwa ta yi a kan tudu, ana iya ɗaukarta a gyara. Amma in na tsaya zai tambayi dalili, dalilin kuwa doguwar magana ce da ta faro tun daga gwangwanin farko. Na leƙa rana ko azahar ta yi in fake da salla, ba ta yi ba. Na ce a raina kwari ɗaya ne ya rage, in Allah ya so za ta haye. Na wuce gorubar ban ɗaga ƙafa ba.

A tsakiyar kwarin ta buga. Ƙara ɗaya ce, kamar an sauke guduma a kan uwar maƙera, motar ta yi tsalle ta tsaya. Wurin ya yi shiru, sai ruwan lagireto da ke tafasa.

Ya miƙo mini makulli na buɗe. Sandar inji ɗaya ta tsinke ta huda gefensa, ramin ya kai dunƙulen hannu, baƙin man yana gangarowa a hankali yana hayaƙi. Kafin in yi magana ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da gwangwani. Ashe ya zo da ɗaya saboda tsaro. Ya fasa bakin da wuƙarsa, ya yi bisimilla ya zuba ta sama. Muka tsaya muna kallo. Can sai ga shi ya fito ta ramin, jaja-jaja, ya bi jikin ƙarfen ya fara ɗiga a taɓo. Ya daɗe yana kallon inda yake ɗiga. Sannan ya ajiye gwangwanin a kan taya, ya gyara masa zama, ya goge wuƙarsa.

Geron bai salwanta ba. Mutanen ƙauyen suka kwashe shi a ka da kan jakuna, maza da mata, kafin faɗuwar ranar washegari. Motar ce ta gagara. Aka aro takarkarai aka ɗaura igiyoyi, majiya ƙarfi suka sa kafaɗa, amma ta riga ta nutse har ciki, ko motsi. Na tafi Haɗeja a ƙasa, na wuce Malam Madori, na roƙi duk direban da na sani ya zo ya ja ta. Kowa sai ya tambayi wane kwari, in na faɗa ya girgiza kai. Ban ga laifinsu ba, ni ma da motar wani ce haka zan yi.

Bayan kwana uku na dawo na tarar ruwa ya iso. Ba ya zuwa da hayaniya. Da safe yana idon sawu, la'asar ya kai ƙwauri. Tsohon yana zaune a tudun gorubar kan buzunsa, ya ƙi shiga ƙauye, sai dai a kawo masa fura nan. Na ciro abin da zan iya cirowa, batir da fitilu da kujera, na ɗauko a ka ina ratsa ruwa. Ya dubi tarkacen da na jibge a gabansa, ya mayar da idonsa kan motar. Kwana shida muka yi a tudun nan, ni a gefe shi a gefe, muna kallo ruwa ya ci tayoyi, ya ci ƙofa, ya shiga ta taga. Ranar da ya rage sai saman bodin, balbelu sun jeru a kai, ya naɗe buzunsa ya ce a nemo mana jirgi.

A gari maganar ta zama abin hira. Ƙanensa ya ce ai daman ɗan masunta aka ba mota, dole ya kai ta ruwa, kuma wannan ba'ar ta bi ni shekaru. Tsohon kuwa ko'ina kare ni yake yi. Ya ce shi ya matsa a yi lodin, direbansa ba shi da laifi, mutum ne mai ladabi da bai taɓa musa masa ba. Duk sanda aka kawo mini wannan yabon sai in ji na tsani kaina. Gidan ya fara canzawa a gaban idona. Aka daina ɗora tukunya biyu, baƙin da ke cika zauren suka ɗauke ƙafa. Gwaggo ta daina zuwa gidanmu, in mun haɗu a hanya ta kau da kai. Wata rana na zo gaisuwa na same shi da tarin kaba a gabansa yana tufka igiyar sayarwa, mutumin da a da fatake ke sauka a gidansa.

Sai da sanyi ya wuce ruwan ya janye. Ya aiko, wannan karon kai tsaye, ya ce in raka shi mu gano ta. Muka tafi mu biyu, yana kan aron jaki ina biye. Fadamar ta bushe ta tsattsage. Motar tana nan inda muka bar ta, ta karkace, katakon ya ruɓe, ciyawa ta bushe a jikin sitiyari, ga ƙasusuwan kifi a inda muke zama. Maƙera sun riga sun yi magana za su karɓe ta su sassare ƙarfen su yi fartanyoyi.

Ya zagaya ta sau ɗaya, ya zauna a inuwarta. Na tsuguna daga gefe.

"Malam direba, wata biyar ke nan ina tufka igiya, hannu na aiki kai na tunani," in ji shi. "Ranar nan da ƙarar ta dawo. Juye ka yi?"

"Na yi, Baba."

"Da ka juye, me ka gani?"

Na gaya masa, gudajin da garin ƙarfen.

"Wato ka san maganin ba ya magani."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka fara zubawa."

Ya juya ya dubi motar.

"Ni jakuna na sani," in ji shi. "Jaki in ya gaji ina gani a tafiyarsa. Wannan abin ban san shi ba, shi ya sa na nemo wanda ya sani na sa shi a cikin gidana. Da ka tsaya a ƙofata ran nan, gaban mutane, ka ce mini tsohon banza an cuce ka, da na yi fushi. Wata ɗaya, ko biyu. Wataƙila ma in ce 'yata ta dawo gida, Gwaggonku ta shiga ta sasanta. Da yanzu ina fushi da kai a cikin motata."

Ya jira in ce wani abu. Wallahi ya jira, ina jin numfashinsa. Cikina cike yake da magana, ban-haƙuri da neman gafara da bayani. Amma ina tsugune gaban surukina, kaina a ƙasa, bakina ya ƙi buɗuwa. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙarfen motar, ya hau jakin ba tare da ya nemi in riƙe masa ba.

Ya yi shekara huɗu bayan nan. Na samu tuƙi a kamfanin gyaɗa, ina aika hatsi gidansa, yana karɓa yana sa albarka. In na zo gaisuwa yakan amsa da kyau, ya tambayi iyali, ya ci gaba da tufkarsa. Amma har ya koma ga Allah bai ƙara tambayata abin da na gani a kan komai ba, ko da hadari ne ya haɗo, a ce za a yi ruwa ko ba za a yi ba.